Shafinki da Shanun da Buba Ya Dawo da Su

Gwangwan, Rogo.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da uba ke yi wa 'yarsa ko da ransa a ɓace yake, kuma a ɓace yake. Duk da haka addu'a ce farko. Allah Ya kai ki Kano lafiya gobe, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya sa ki sauka gidan Gwaggonki Rabi cikin aminci. Aikin da aka kira ki, Allah Ya sa alheri ne a gare ki da mu.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naki. Dalilin kin san shi. Sunan mahaifiyata kika ci, Allah Ya jiƙanta, kuma tun ranar da aka raɗa miki shi ban taɓa kiran sa da bakina ba. Ko yanzu da na rubuta shi a sama sai da hannuna ya yi nauyi. Uwata nake ce miki, mutum kuwa ba ya ɗaga wa uwarsa murya. Jiya na shigo tsakar gida da niyyar in yi miki faɗan da ba ki taɓa jin irin sa ba. Kika ɗago kika ce, “Sannu da zuwa, Baba.” Sai na ji bakina ya ce, “Yauwa, Uwata.” Maganar da muka yi bayan nan a sanyaye na yi ta, har kika ɗauka shawara nake ba ki. Ba shawara ba ce. Takarda ba ta jin wannan kunyar, don haka ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake layi irin yadda kuke yi a waya.

Ki leƙa ƙofar gida. Shanun da ke ɗaure a jikin darbejiya naki ne. Bappanki Buba ne ya kawo su jiya da hantsi, shi da kansa, bai aiko ɗa ba. Ke yarinyar ƙauye ce, duk bokonki kin san abin da ake nufi idan makiyayi ya dawo wa mutum da shanun da ya ba shi kiwo ba tare da an nema ba. Ba gajiya ya yi da su ba. Cewa yake yi amanar da ke tsakaninmu ta ƙare.

Na fita na same shi yana ɗaure igiya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar kullum, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, har ke ya tambaya. Sannan ya ce, “Malam Sabo, ga amanar yarinya.”

Na ce, “Buba, me ya yi zafi haka?”

Ya ce, “Babu komai. In an gama cire amfanin gona za mu ɗan matsa gaba. Wurin ya yi mana kaɗan.”

Na ce, “To shigo ka sha ruwa.”

Ya ce, “Na sha.”

Tun muna samari nake tare da mutumin nan, bai taɓa ƙin ruwan gidana ba sai jiya. Ya rataya sandarsa a kafaɗa ya juya, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Ban shigar da shanun ciki ba, kuma ba zan shigar ba. A nan ƙofa nake zuba musu harawa, kowa ya wuce ya gani.

Wannan duk aikin shafinki ne. Amma tun da na ɗauki biro, ba zan ɗora miki kayan duka ba, don akwai inda ni ma na ɓata. Zan faɗa miki nawa, ki ɗauki abin ɗauka a ciki, sannan in dawo kanki.

A rediyo na fara jin kalmar nan. Mai labarai ya ce an wallafa kaza a shafin intanet, wani ya ce shafin yanar gizo. Ku 'yan boko in kun haɗu wabsait kuke cewa, kuna wani lanƙwasa harshe. Mu a nan mun yanke mata wutsiya, shafi kawai muke cewa. Kuma yanzu a garin nan komai shafi ne. Saƙon da wani ya turo a waya, shafi. Bidiyon mai wa'azi, shafi. Tallan maganin basir, shafi. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba za ta ce miki, “Ai an faɗa a shafi,” kuma daga nan an rufe magana, babu mai musu. Ni ma haka nake. A kaina, duk abin da aka kira shafi na hukuma ne, sai manya sun duba sun sa hannu kafin ya fito.

Kina makaranta a Kano a shekarar da aka yi abin takin nan, amma kin ji labari, don babu wanda bai ji ba. Wani ya nuna mini a wayarsa cewa za a raba wa manoma takin zamani a Karaye, ga hoton buhuna jibge, ga rubutu mai kyau da kwalliya a sama. Ban tambayi ko shafin na wane ne ba. Na bi gida gida na tara dattawan unguwa, muka cika mota, har da Liman da ƙafarsa mai ciwo. Muka isa Karaye babu taki, babu mai labarin taki. Masu shayi suka yi ta yi mana dariya, wani yana cewa, “Baba, ko a shafin za ku karɓa?” Muka dawo cikin zafin rana babu mai kallon wani. Har yau in na yi magana a majalisa akwai mai ce mini Sabo mai taki.

Da kika dawo hutu na ba ki labari, kika yi dariya har da hawaye, sannan kika zaunar da ni. Ban manta bayaninki ba. Kika ce, “Baba, ba duk abin da ke cikin waya ne shafi ba. Shafi wuri ne mai adireshinsa, kamar rumfa a kasuwa. Mai shi yana ajiye rubutu da hotuna a ciki, duk wanda ya san adireshin ko ya nemo shi sai ya shiga ya gani, ko a ina yake a duniya.”

Na ce, “To wa ke raba rumfunan? Ina sarkin kasuwar?”

Kika ce, “Babu sarkin kasuwa. Kowa na iya kafa tasa.”

Na ƙi yarda. Kika jawo kwamfutarki kika buɗe wani sabo a gabana, kafin kokona ya huce ga sunana a sama da manyan baƙaƙe. Ranar na san cewa wanda ya wahalar da mu zuwa Karaye wataƙila wani zauna-gari-banza ne a ɗakin uwarsa. To ga abin da nake so ki riƙe. A can inda za ki, kullum cikin shafukan mutane za ki wuni. Kafin ki gaskata abin da ke ciki, ki nemi mai rumfar. Wane ne shi, ina gidansu, wa zai kama in magana ta zama ƙarya. Idan ba ki ga kowa ba, ki wuce, komai kyan kwalliyarsa. Kuma ki sani yadda kike tambayar na wasu haka ake tambayar naki. Naki kuwa an san mai shi, an san ubanta, an san ƙofar gidansu.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata in yi miki a ranar, ban yi ba. Kin ce kasuwa ce, ni kuma ban tambaye ki yaushe take tashi ba. Zan dawo kan wannan.

Kuskurena na biyu alfahari ne. Da kika gama karatu kika dawo gida kika buɗe shafinki na labaran ƙasarmu, wallahi kaina ya kumbura. Kina ɗora farashin gyaɗa da masara na kasuwar Rogo, kina ɗora hoton gadar da ruwa ya cinye, da rijiyar da ta rufta a Rogo Ruma. Abu mai amfani. Ni kuma na zama maroƙinki. A masallaci, a majalisa, a wurin suna, “'Yata tana da shafi.” Wanda bai tambaye ni ba ma sai na gaya masa. Kullum in na dawo daga gona tambayata ɗaya ce: “Uwata, yau mutum nawa suka shigo?” In kin ce sun ƙaru in yi ta washe baki, in kin ce sun ragu in ce ki nemo abin da zai jawo su. Ban taɓa tambayar ki ko wani ya ji ciwo da abin da kika rubuta ba. Ni na koya miki ƙirga kawuna, kika ɗauka yawan masu leƙowa shi ne kyan aiki. Ki sauke wannan karatun, ba daidai ba ne. Mahaukaci in ya tuɓe a kasuwa ya fi kowa tara jama'a, kuma babu mai sayen komai a wurinsa.

Yanzu ranar gona.

Kin tuna safiyar da aka zo aka ce shanu sun faɗa gonar gyaɗata ta bakin burtali. Gyaɗar ta kusa cira, na sha wahala a kanta, na zuba mata duk abin da nake da shi. Na fita a guje ko hula babu, kika biyo ni da wayarki. Muka tarar sun tattake gefe guda, sun cinye ganyen, Buba shi kaɗai a tsakiyarsu da sanda yana kora, tsoho yana haki. Idona ya rufe. Ni ne na ce miki, “Ɗauke shi hoto. Ki sa a shafin naki kowa ya gani.” Na faɗa, ban musa ba, kuma a gaban Allah zan amsa. Ki koyi wannan daga gare ni: umarnin da mutum ya ba ki yana huci, ki riƙe shi a hannu har ya huce ki sake tambayar sa, ko da ubanki ne, ko da mai gidan aikinki ne. Da kin jira azahar da ba mu kai nan ba.

Don kafin azahar an gama komai, kuma ke ba ki nan, kin koma gida kina danne-danne. Bari in gaya miki abin da hotonki bai ɗauka ba. Mai unguwa ya zo, Ardo ya zo, aka zagaya ɓarnar da ƙafa kamar yadda ake yi tun kakanni. Aka gano motar yashi ce ta danna musu oda a kan hanya suka firgita, 'ya'yan Buba kuwa sun tafi da rabin garke rafi. Sannan mai unguwa ya tsaya a bakin gonar ya dube ni ya ce, “Malam Sabo, kunyoyin nan na ƙarshe a ina suke?” Na sani sarai. A cikin burtali suke. Shekara da shekaru ina ɗan tura garma gaba, hanyar shanu tana ƙanƙancewa, Buba yana gani bai taɓa ce mini uffan ba. Duk da haka ya ce a kimanta zai biya. Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Muka yi musabaha, Ardo ya ɗaga hannu aka yi fatiha.

Kin san hukuncin fatiha a wurinmu. Maganar da aka yi wa fatiha an binne ta. Duk wanda ya sake tono ta, ko shi aka cuta, ya zama shi ne mai laifi, kuma dattawa ba sa sake zama don shi. Da wannan ƙa'idar manomi da makiyayi suke kwana a ƙasa ɗaya a nan, ana jin abin da ke faruwa a wasu wurare ana neman tsari.

Na dawo gida zuciyata wasai, na ci tuwo na kwanta. Ban ce ki cire hoton ba. Kin san me ya sa? Na ɗauka shafi kamar rediyo ne. A faɗi magana da safe, iska ta ɗauke ta, da yamma an shiga wata. Na ɗauka kasuwar taki tana tashi da magariba kamar kowace kasuwa, a share rumfa, gobe a kasa sabon kaya. Ashe ba ta tashi. Ashe mu mun binne magana a bakin gona, ita kuwa tana can zaune a rumfarki, kullum tana ce wa duk wanda ya shigo yau abin ya faru. Jahilcina ke nan, na ɗauka.

Amma ke, Uwata, ba jahila ba ce. A nan ne raina yake ɓaci har in rasa inda zan sa kaina. Ke kin san kasuwar ba ta tashi. Ke kika gina rumfar da hannunki. Kin ji a bakin mahaifiyarki a ranar cewa an sasanta an yi fatiha, ba ki koma kin ƙara ko layi ɗaya ba. Kuma ba cewa kika yi shanun Bappana Buba sun firgita sun shiga gonar babana ba. Sai da aka nuna mini abin da kika rubuta a saman hoton na ji kamar an watsa mini ruwan zafi: “Fulani sun cinye gonar wani talaka a Gwangwan.” Fulani. Wani talaka. Mutumin da ya goya ki a wuyansa ya tsallakar da ke rafi kina kuka, shi ne ya koma Fulani a bakinki, ba shi da suna. Ni kuma da na haife ki na koma wani talaka. A ina kika koyo wannan harshen? Ba a gidana ba.

Sai mutanen da ba su taɓa jin sunan Gwangwan ba suka cika ƙarƙashin hoton da zagi. Wannan ya ce a kore su, wancan ya ce a ƙone rugar, wani ya faɗi abin da ba zan rubuta da hannun da nake alwala da shi ba. Kina gani. Kullum kina gani, kina ce mini, “Baba, shafi ya karɓu.” Ni kuma sakarai ina cewa madalla.

Buba bai gaya mini abin da ya same shi ba, kuma ba zai faɗa ba har ya mutu, kin san halinsu da kunya. Wani dillalin shanu na Unguwar Hajji ne ya tare ni ya ba ni labari, don a gabansa aka yi. Buba ya kai wani sa nasa wata kara, kasuwar shanu, can kudu da mu zai sayar. Wani matashi ya dube shi, ya dubi wayarsa, ya ce, “Ga shi nan, shi ne na shafi.” Kafin a ce me, an kewaye shi. Aka ƙwace sandarsa, aka ture masa malfa, aka zaunar da shi a ƙasa cikin kashin shanu ana tambayar sa inda ya ɓoye bindiga. Tsohon da bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗar wani ba. Sai da dillalin ya rantse ya san shi, ya san ni, sannan aka sake shi, ya koro sansa ya dawo bai sayar ba. Dillalin ya ce abu ɗaya kawai Buba ya tambaye shi a hanya: “Shafin nan, na wane ne?” Dillalin ya ce masa, “Na 'yar Malam Sabo ne.”

Jiya da na same ki da maganar, abu uku kika ce mini, kuma kwana na yi ina juya su. Kika ce, “Baba, ai ban yi ƙarya ba, shanun sun shiga.” Haka ne, sun shiga. Amma wanda ya faɗi farkon labari ya haɗiye ƙarshensa da gangan, ni ban san sunan da zan kira shi da shi ba in ba wancan ba. Kin nuna shigar shanu, ba ki nuna kunyoyina a burtali ba, ba ki nuna hannuna cikin nasa ba.

Kika ce, “Wannan labarin ne ya sa mutanen Kano suka san shafin har suka kira ni aiki. In na taɓa shi za su ce ba ni da tsayawa a kan magana.” To madalla. Ashe a kan bayan Buba kika taka kika hau motar Kano. Idan mutanen da za ki yi wa aiki sun fi son ki tsaya a kan kuskure da ki gyara shi, ki tattara kayanki ki dawo, tuwon gidan nan bai ƙare ba. Ni ban tura ki makaranta don ki zama mai hura wuta ba.

Kika ce, “Ko na goge, an riga an kwafa, ya bazu.” Wannan na yarda, kin fi ni sani. Amma ban taɓa jin inda aka ce tun da gobara ta kama maƙwabta, mai gidan da ta tashi a cikinsa ya naɗe hannu ya zauna ba.

Akwai abin da wataƙila kika manta, ko kuma ba a taɓa zaunar da ke an gaya miki shi filla-filla ba. Shanun nan da ake cewa naki, ban saya miki ko ɗaya ba. Ranar sunanki Buba ya zo da 'yar karsana ja, ya ɗaure ta a jikin darbejiyar nan da suke ɗaure yanzu, ya ce, “Wannan ta uwarmu ce.” Haka suke yi wa 'ya'yansu na cikinsu, shi ya yi miki. Ya mayar da ita garkensa ya ci gaba da kiwo, rani da damina, bai taɓa neman ladan kiwo ba, sai dai in an yi girbi shanunsa su kwana a gonata su ci kara su bar mini taki. Duk waɗannan jikokin karsanar ne. Da kika ce karatunki ba zai yiwu ba sai da kwamfuta, shi ya zaɓo bijimin da ya fi kyau a cikinsu, shi ya kai shi kara da ƙafarsa, yana ta murna yana cewa uwarmu za ta zama likitar na'ura. Kwamfutar da kika rubuta “Fulani” da ita, daga hannunsa ta fito. Ki ɗaga ta ki ji nauyinta.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba.

Ki cire hoton nan da rubutun da ke kansa. A wurin da yake, ba a wani lungu ba, ki rubuta abin da ya faru tun daga odar motar yashi har zuwa fatiha. Ki rubuta cewa babanki ya ci burtali, da sunana, ban ji tsoro ba, dama ana ce mini mai taki, a ƙara da wannan. Ki rubuta cewa ke kika yi kuskure. Amma kafin ki ɗora ko harafi ɗaya da ya shafi Buba, ki je ki karanta masa, ki tambaye shi ko ya yarda. In ya ce a sa sunansa, ki sa. In ya ce a bar shi ya huta, ki bar shi. Tambayar da ba ki yi masa ba a farko ke nan, kuma ita nake so ta zame miki ɗabi'a a duk shafin da za ki gina wa kowa a Kano. Mutumin da ke cikin hoto yana da gida, yana da 'ya'ya, yana da kasuwar da zai je gobe. Abin da ba za ki iya karanta masa ido da ido ba, kada ki ɗora shi.

Ni na fara nawa. Yau da sassafe na je da fartanya na baje kunyoyin nan na cikin burtali da gyaɗar da ke kansu, mutane suna kallona kamar na taɓu. Hanyar shanu ta koma yadda mahaifina ya bar ta. Amma ba gona ce ta kori Buba ba, don haka gona ba za ta tsayar da shi ba. Ba ni yake jira ba.

Sauran abin da uba ke faɗa wa 'yar da za ta bar gida, kin sha ji, mahaifiyarki ma ta cika miki kunne. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki bi Gwaggonki, tana da faɗa amma ba ta da mugunta. Ki ci abinci, kada ki wuni a gaban na'ura da shayi kawai. Ki kira mahaifiyarki, don ba za ta kira ki ba, za ta zauna ne tana kallon waya. Ina alfahari da ke har yanzu, abin da ya sa ciwon ya yi zurfi ke nan. Da 'yar wani ce da tuni na yi tsaki na wuce.

Hanyar da za ta kai ki tashar Rogo ta gefen rugar take bi. Gobe da hantsi zan kwance shanun nan in kora su can da kaina. Ba zan shiga ba, don ba ni da fuskar shiga ni kaɗai, kuma in na miƙa masa igiyar ba zai karɓa ba, shanun ba nawa ba ne. Zan tsaya a bakin hanya, wurin da turbar rugar ta rabu da titi. Idan kin ce wa mai babur ya tsaya, za mu shiga tare, ki durƙusa ki gaida Bappanki, ki miƙa masa igiyar da hannunki. Ban ce zai karɓa ba. Ban sani ba. Idan kuma kin wuce, ba zan ɗaga miki hannu ba, ba zan kira ki ba, kuma ba zan yi miki baki ba, Allah Ya kiyaye. Zan dai koro su in dawo da su ƙofar gida, duk ranar da kika zo hutu su ne za ki fara gani.

Allah Ya tsare mini ke a tafiyarki da zamanki, Ya kare ki daga sharrin mutane, Ya kare mutane daga sharrin hannunki. Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mai sunanki, wadda in Buba ya zo gidan nan ita ke fara ɗebo masa ruwa.

Motar Kano in ta tashi akwai wata a bayanta, Uwata. Rugar in ta tashi ba ta dawowa. Ina bakin hanya.

Wassalam.

Ɗanki, kuma mahaifinki,
Sabo